Wasan Gem a Waya: Yaushe Ne Yake Zama Ciwo?

 

Batun da aka ɗora mana shi ne wasan gem, wanda ya shiga gidajen Badawa da kewaye ta wayar hannu da shagunan PlayStation. Kusan duk taron iyaye da malamai sai an sami uban da zai ce ɗansa ya kamu, Free Fire ko PUBG ko gem ɗin ƙwallo ya ɗauke masa hankali. Kalmar “ya kamu” tana da nauyi, domin a wajen likitoci tana da sharuɗɗa, kuma ya kamata mu san su kafin mu liƙa wa ɗan wani.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundinta na cututtuka, bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, kuma a ciki ta sanya larurar wasan gem. Abin lura shi ne ba ta ƙayyade adadin awoyi ba. Abin da ta duba shi ne ko mutum ya kasa mallakar kansa wajen farawa da dainawa, ko wasan ya ture sauran lamuran rayuwarsa, sannan ko ya ci gaba da yi alhali yana ganin ɓarnar da yake jawo masa. Sai waɗannan sun haɗu, sun yi mummunar illa ga karatu ko zaman iyali, kuma galibi sun ɗauki wata 12, kafin likita ya kira abin ciwo, sai dai in lamarin ya yi tsanani. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ma, a littafinta na 2013, ta lissafa alamomi 9, ta ce sai an ga 5 cikin shekara guda, amma ta ajiye batun a sashen abubuwan da ke buƙatar ƙarin bincike.

Ke nan yaron da ya kwashe hutun ƙarshen zango yana buga gem, da aka koma makaranta ya kama karatunsa, ba mara lafiya ba ne. Mu ma a zamaninmu langa da ƙwallon tsumma sun sha kai mu magariba.

To ina namu aikin? Likita yana ganin yaro na ɗan lokaci, mu kuwa muna tare da shi kwana biyar a mako, zango uku a shekara. Hujjar wata 12 da ake nema tana cikin rajistarmu da littafin maki. Yaushe ya fara makara? A wane zango makinsa ya faɗi? Yana gyangyaɗi tun darasin farko? Kuɗin tara da ake ba shi, yana cin abinci da su ko kuwa data da shagon gem suke tafiya? Ya daina fita wasa da abokansa? Malamin Islamiyya ma yana kuka da shi? Irin wannan, in an rubuta shi da kwanan wata, ya fi “yaron nan ya lalace” amfani nesa ba kusa ba.

Sai dai a nan ne ake son natsuwa. Gyangyaɗi a aji yana da uwaye da yawa: yunwa, zazzaɓin cizon sauro, tallar dare, ɗakin da zafi ya hana barci. Sau da yawa kuma gem mafaka ce kawai. Yaron da ya kai aji biyar bai iya karatu ba, ana yi masa dariya kullum, in ya sami wurin da yake cin nasara ana yaba masa, ba zai so fita ba. Idan aka ƙwace wayar aka bar rashin iya karatun, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Bulala kuwa, a ganinmu, ɓuya kawai take koya masa.

Wasu ƙasashe sun gwada doka. Sin, a 2021, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Koriya ta Kudu ta hana yara wasan tsakar dare a 2011, ta soke dokar bayan shekara 10. Mu a nan, wayar da ɗan firamare yake wasa da ita yawanci ta uwa ce ko ta yaya, don haka ikon yana cikin gida.

Roƙonmu ga malamai shi ne, wanda ya ga alamun sun jera zango guda, ya sanar da shugaban makaranta, a kira iyaye a keɓe, ba a gaban aji ba, a tambaye su ƙarfe nawa yaron yake barci, kuma ina wayar take kwana. A yi yarjejeniya, a sake zama bayan wata ɗaya da rajista a hannu. In an yi haka abin bai sauya ba, ko yaron ya fara ɗaukar kuɗi a gida, ko yana tayar da hankali in an karɓi wayar, sai a shawarci iyaye su kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, su tafi da kwafin abin da muka rubuta.