BASHIN GARI DA YANKAN FILAYE

Jawabin da aka yi wa wakilan rassa na Gidan Rumji da Agye da Gazawa

'Yan'uwa wakilan rassa, maza da mata, barkanku da zuwa, tun ba waɗanda suka taso daga nesa ba, mutanen Gangara da Cadawa da Saye Sabuwa. Kwamiti ya umurce ni in amsa tambayar da rassa da yawa suka aiko, watau ko ya kamata gari irin namu ya ci bashi domin ya gina kasuwa da lambatu da gidaje, kamar yadda manyan birane su ke yi. Amsata ita ce mun daɗe muna cin bashin nan, sai dai ba a rubuta shi a takarda ba. Ku ba ni hankalinku in warware muku.

Da fari bari mu san abin da a ke nufi da takardun bashi. Idan birni yana bukatar kuɗi masu yawa a lokaci guda, sai ya buga takardu, kowace da darajarta, ya sayar wa bankuna da attajirai. Wanda ya saya ya ba birnin rance ke nan. Kowace shekara a ba shi kuɗin ruwa, ran da wa'adi ya cika a mayar masa da uwar kuɗinsa. Ƙasashe takwas masu cin sefa, har da Nijar, suna da kasuwa guda ta irin waɗannan takardu a Abijan.

Ba sabon abu ba ne a ƙasashenmu. A 1992 ƙaramar hukumar Tsibirin Ikko ta sayar da takardun naira miliyan 100 domin ginin kasuwar Sura. A 2015 birnin Dakar, sa'ad da Khalifa Sall ya ke magajin gari, ya shirya na sefa miliyan dubu 20, za a biya cikin shekara 7, domin a gina wa masu talla a bakin titi wurin zama. An gama shiri, ana gab da fara sayarwa, sai gwamnatin Sanagal ta hana. Ku lura, Dakar ke nan, mai tashar jiragen ruwa da bankuna da manyan kantuna. A Amurka kuwa, inda wannan sana'a ta fi ƙarfi, birnin Ditiroit ya tafi gaban alƙali a 2013 ya ce ya karye, da bashin dalar Amurka wajen miliyan dubu 18 a wuyansa. Wanda ya ce malamai ba za su yarda da kuɗin ruwa ba, gaskiyarsa, kuma akwai hanyar da a ke kira sukuk, wadda Sanagal ta bi a 2014, Nijeriya ta bi a 2017 ta yi hanyoyi da kuɗin. Amma sukuk ɗin ma biyansa a ke yi.

To, mu da me za mu biya? Ku ɗauki alƙalami. Lanhon da a ke karɓa a ƙauyukanmu tamma 700 ne a kan mutum, watau dala 140, ko jika guda bai cika ba. Mu ƙaddara wata komin tana da masu biya 30,000, kuma kowa ya biya, abin da ku da ni mun san ba ya faruwa. An tara miliyan 21 ke nan. Wannan bai sayi kilomita guda na kwalta ba. Mu ƙaddara kuma ta ranci miliyan 100 a kan 7 cikin ɗari. Kuɗin ruwa kaɗai miliyan 7 ne a shekara, lanhon mutum 10,000 cif, ba a taɓa uwar bashin ba tukuna, ba a biya albashin ko masinja ba. Babu attajirin Abijan da zai sayi takardar Gidan Sori, kuma in ya saya, mu ne abin tausayi.

Saboda haka masu riƙe da garuruwanmu suka sami wata hanya, wadda ba ta bukatar banki ko lamuni. Ita ce yankan filaye, abin da su ke kira lotisma. Kun san yadda a ke yi. A zo gonakin bakin gari da ma'auni, a kafa turakun siminti, a ja layi a takarda a ce nan titi, nan makaranta, nan kasuwa. A ba mai gona 'yan fegi kaɗan a ce diyyarsa ke nan, saura a sayar. Kuɗi su shigo da yawa cikin wata biyu ko uku. A biya albashin da aka daɗe ba a biya ba, a sayi mai, a gyara mota, a yi hidimar baƙi. Shekara ta kewayo, kuɗi sun ƙare, sai a sake duban wata gona. Gwamnatin ƙasa da kanta ta nuna hanya, gama a farkon shekarun 2000, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, da filaye ta biya ma'aikatanta bashin albashin da su ke binta.

Me ya sa na kira wannan bashi? Domin duk fegin da aka sayar alkawari ne aka ɗauka. Wanda ya saya zai yi gini, ya kawo iyali. Iyalin nan za su nemi famfo, da wuta, da hanyar da amalanke zai bi da damina, da aji, da ɗakin haihuwa, da inda ruwan sama zai fita. Kuɗin da ya kamata a yi waɗannan da su an riga an cinye su tun ran da aka kafa turaku. Wa zai biya? Magajin garin da zai zo bayan shekara goma, da 'ya'yanmu. Bashin banki ko ba komi yana da takarda, an san adadinsa, an san ranar ƙarewarsa. Wannan kuwa babu wanda ya san adadinsa. Manomin da ya ci irinsa da rani ya fi mu dabara, gama shi ya san abin da ya yi.

Sa'an nan ga mai gonar. Gonar da a ke yankawa ita ce ta kusa da gari, wadda ta sha taki tun zamanin kakanni, mai gawo a tsaye. Mutanen wajen Agye sun san wahalar da aka sha kafin itatuwa su komo gonaki. Mutum ya sayar da fegin diyyarsa ya yi biki ko ya biya magani, shekara biyu sai ka gan shi yana ƙwadago a gonar wani, ko ya kama hanyar Agadas. Kuma mutane ƙaruwa su ke yi. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum miliyan 3 a jihar Maraɗi, fiye da rabin miliyan a gundumar Gidan Rumji kaɗai. Tun 2019 kuma 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina sun shigo, aka zaunar da waɗansu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ba mu ƙi baƙo ba, jininmu ne. Amma ƙasa ba ta haihuwa.

Kada wani ya fita nan ya ce na hana yanka fili. Tilas gari ya faɗaɗa, kuma tsararren gari ya fi wanda ya tsiro kamar ciyawa. Dattawa sun ba mu labarin 1945, sa'ad da Gulbin Maraɗi ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, Nasara ya tashi mutane ya mai da su kan tudu, ya ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Da ƙarfi aka yi shi, da guminmu, gama sai a 1946 aka soke aikin tilas. Ba mu yaba wa mulkin mallaka ba, ba kuwa za mu yaba ba. Amma abin kunya ne a ce Kumandan ya san ba a gini a hanyar ruwa, mu kuwa da muka karɓi ƙasarmu tun 1960 muna sayar wa talaka fegi a cikin kwari mu ba shi takarda da hatimi. Damina ta 2024 ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba domin waɗanda gidajensu suka rushe suna kwana cikin azuzuwa. Ruwa na Allah ne. Rashin lambatu kuwa namu ne. Kun tuna kuma da Nuwamba 2021, da wuta ta kama azuzuwan zana a Maraɗi ta ci yara fiye da 20. Duk unguwar da aka yanka ba a ware kuɗin ginin aji ba, ajin zana aka yi mata alkawari.

Yanzu wa ke yanke shawara? A 2004 aka yi zaɓen farko na komin 265, muka ce mulki ya zo ƙofar gida. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin ta riƙa kai wa garuruwa tallafi. A 2016 gwamnati ta miƙa musu sha'anin makarantu da lafiya da ruwa da daji, sai dai kaya sun riga guzuri isowa. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa a 2020, aka naɗa masu riƙo. A Maris 2025 jam'iyyu ma aka soke su. Waɗansu daga cikinku sun ce tun da haka ne sai mu naɗe hannu. Ban yarda ba. An soke jam'iyya, ba a soke lanho ba, ba a soke tikitin kasuwa ba, wanda ya biya kuwa yana da bakin tambaya. Masu riƙon nan akwai na kirki cikinsu, na kirki kuwa ba ya jin tsoron lissafi. Mu ma mu faɗi gaskiya, zaɓaɓɓun da suka gabata ba su bar gonakin bakin gari ba.

Ga abin da kwamiti ya tsayar. Duk inda aka ce za a yanka fili, reshe ya tura dattawa uku, da mace cikinsu, su je da ladabi su nemi a nuna musu taswira. Su tambaya fegi nawa ne, nawa a ke sayar da kowane, nawa aka ba masu gona, kuma an bi ta hannun kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada ko ba a bi ba. Su taka da ƙafarsu su ga inda ruwa ya ke kwanciya. Babbar bukatarmu ita ce kuɗin fegi su tsaya a unguwar da aka yanka, a yi lambatu da famfo da aji da su tun kafin a aza tubali, kada su shiga albashi da man mota. Wuraren da aka rubuta makaranta ko asibiti ko maƙabarta a taswira, ku sa musu ido ƙwarai, gama su ne a kan dawo da dare a yanka.

Rance kuma ba mu ce haram ne ga gari har abada ba. In za a ci, a ci shi kan abin da zai biya kansa, rumfunan kasuwa, da tashar mota, da kara ta dabbobi, da mahauta. Garuruwanmu suna bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, aya da wake da gyaɗa da bisashe ta nan su ke bi, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021. Amma kafin a je wurin mai ba da rance, a fara sanin abin da kasuwa ta ke kawowa. Saboda haka kowane reshe ya sa mutum biyu su zauna ranar kasuwa huɗu a jere, su ƙidaya rumfuna da motoci da dabbobin da aka sayar, su rubuta. Sa'an nan a nemi a karanta kasafin kuɗin gari da Hausa a bainar jama'a, a gwada abin da aka ce ya shigo da abin da idonmu ya gani.

Sakatarorin rassa su kawo waɗannan takardu a taro mai zuwa, tare da sunayen unguwannin da aka yanka cikin shekara goma da suka wuce, da bayanin wadda ta sami famfo da wadda ba ta samu ba. Reshen da ba shi da mai rubutun boko ya rubuto da ajami, za a karɓa.