JINKIRTA HAƘƘIN 'YAN FANSHO ZALUNCI NE

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da Malam ya gabatar wa 'yan uwa matasa a zaman karatu, dangane da halin da iyayenmu 'yan fansho suke ciki a ƙasar nan.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya ce fansho gumin mutum ne na shekara 35 da aka karɓa amana. Don haka duk wanda ya riƙe shi alhali yana da halin biya, to azzalumi ne.

Ya bayyana cewa a 2004, zamanin Obasanjo, aka kawo tsarin tara kuɗin fansho daga albashi. Dokar 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8, wanda yake wa aiki kuma kashi 10. To amma wanda ya kama aiki kafin 2004, kuɗin shekarunsa na baya suna hannun gwamnati, kuma ba a fara biyansa sai ta zuba su. A nan ake maƙalewa. Albashi ya tsaya, fansho bai fara ba, an sha ganin wanda ya haura shekara a haka.

Malam ya kawo misalin ma'aikatan Nigeria Airways, wanda ya durƙushe a 2003. Sai a 2018 gwamnati ta amince da sakin Naira biliyan 22, wajen rabin abin da suke bi, alhali da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Game da masu cewa babu kuɗi, ya tunatar da 'yan uwa cewa a 2021 kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 kan kuɗin fansho, shi da aka naɗa don ya gyara harkar. “An ba kura ajiyar nama,” in ji Malam.

Daga nan ya juyo kan matasa. Ya ce abin kunya ne tsoho ya wuni a layin tantancewa cikin rana, ɗansa yana majalisa yana shan shayi. Ya umurci kowa ya raka mahaifinsa, ya adana masa takardar kama aiki, ta ƙarin girma da ta ritaya, ya kuma tabbatar an rubuta sunan magaji daidai, domin in rai ya yi halinsa marayu ne ke shan wahalar.

Malam ya rufe da addu'ar Allah Ya isar wa waɗanda aka zalunta.