Dogon Hutu da Fensir a Hannu



Dogon hutun makaranta yakan faɗo a tsakiyar damina, lokacin da gero ya yi kore shar daga Ƙaura Namoda har Zurmi da Shinkafi, Gulbin Gagare kuma ya cika ya batse. Lokaci ne da ya dace a zaunar da matasanmu a koya musu zane.

Zane gadonmu ne. Wanda ya sauke Alƙur'ani akan yi masa allon zayyana, magina kuma suna ƙawata fuskar soro da dagi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe guda na koyar da zane.

Kayan aikin kaɗan ne: takarda, fensir, gawayi da malami mai haƙuri. Yaro ya zauna gaban tulu, ya lura da inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta. In hannu ya faɗa, sai ya zana kuka ko tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura. Tunda rashin tsaro ya hana shiga daji, harabar makaranta ta wadatar.

Iyaye, malamai da sarakunanmu, a buɗe wa yaran nan aji ko ɗaya ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.