In Kamfanin Inshora Ya Ce Ba Zai Biya Ba



Yau wasiƙar wata baiwar Allah ce daga Kaduna a gabana. Maigidanta ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mata marayu da sashe guda a irin benayen nan da ake sayarwa sashe-sashe, kowa da ɗakunansa, amma rufi da matakala na kowa da kowa ne. Ita a hawan ƙarshe take. Farkon damina iska ta taso cikin dare ta yaye kwano, ruwa ya rufto da silin, ya jiƙe katifu da kujeru. Marigayi ya yi wa sashen inshora, kuma ba ta fasa biya ba. Da ta nemi diyya, sai kamfani ya aiko da takarda mai layi uku, wai ba za su biya ba. Shi ne take tambaya, "Malama, in haƙura ne, ko da abin yi?"

Hajiya, da abin yi. Wannan takarda ba hukuncin alƙali ba ce, maganar ɓangare ɗaya ce kawai.

Ki fara da neman dalili a rubuce, su nuna miki sakin layin da suka dogara da shi. Sannan ki lalubo takardar yarjejeniyar. Mu mata mun san ranar kwasar adashe a ka, amma takardun gida suna can cikin jakar maigida, da yawanmu ba mu taɓa buɗe su ba sai ta faru. Ki sa wanda kika amince da shi ya karanta miki ita tsaf, har ƙananan rubutun.

Wata yarjejeniyar gobara kaɗai ta ɗauka; iska da ambaliya sai an ƙara su an biya kuɗinsu daban. In haka taki take, gaskiya kamfani ya fi ki hujja. Amma in akwai iska a ciki, sai a saurari uzurinsu. Sukan ce ai rufin dama ya tsufa, rashin gyara ne ya kayar da shi. To nan ne wurin jayayya. Hotunan da aka ɗauka a waya washegari, shaidar maƙwabtan da su ma aka yaye musu kwano a daren, rasidin kafintan da ya taɓa gyara, duk hujja ne. Ana iya neman bayanin yanayin ranar daga hukumar NiMet. Kuma mai ƙiyasta asarar da ya zo dubawa, kamfani ne ya turo shi. Ke ma kina iya ɗauko naki.

Irin gidanki kuma yana da tasa sarƙaƙiyar. Kamfani na iya cewa rufi ba naki ba ne ke kaɗai. To sai a tambayi ƙungiyar masu gidan ko mai kula da shi: shi benen gaba ɗaya, an yi masa inshora? In an yi, rufi nasu ne su nema, ke kuma ki tsaya kan silin da kayan ɗakinki. Kada ki bari su riƙa wasan tura-ta-kai da ke. Sannan ki duba sunan da ke kan takardar. In har yanzu na marigayi ne, za a nemi shaidar rasuwa da takardar gado daga kotu.

Ki rubuta ƙorafi ga kamfanin, a kai kwafi biyu, su buga hatimi a ɗaya a dawo miki da shi. In sun yi shiru ko sun dage, akwai NAICOM, hukumar da aka kafa a 1997 don sa ido kan kamfanonin inshora, hedikwatarta na Abuja, tana da sashen karɓar ƙorafi. Mai takaful ma nan za ta kai kukanta, domin hukumar ce ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Bayan nan sai kotu.

Duk wannan ba sai kin fita ba. Ɗanki ko ɗan'uwanki na iya zama wakili, ki ba shi wakilcin a rubuce, amma ainihin takardu da rasidan biya su zauna a ɗakinki, kwafi kaɗai zai fita.

Kafin nan, a rufe saman da tampol kada ɓarna ta ƙaru, a adana rasidinsa, kuma kada a zubar da kayan da suka lalace tukuna. In kuma an kawo miki ɗan kuɗi da takarda aka ce sa hannu, dakata a karanta miki. Sau da yawa abin da take cewa shi ne kin karɓa, kin yafe sauran.

Hajiya, muna jiran jin yadda kuka ƙare. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.