Ɗaya Na Jifa, Uku Na Zaman Benci

 Yau Amurka zan kai ku, mu ji wata matsala da ke ci wa iyaye mata tuwo a ƙwarya a can.

Akwai wani wasa da ake kira sofbol. A birnin Shikago aka fara shi a 1887, kuma 'yan mata sun rungume shi sosai, har ya shiga gasar Olamfik a 1996. Yarinya ɗaya ce ke wurgo ƙwallo, hannunta na juyawa ta ƙasa, wata ta maka mata sanda ta ruga. Idan ƙungiya na tsaron fili, mutum 9 ne a ciki, amma mai jifa ɗaya ce tak.

To, akwai ƙungiyoyin yara da ke bin gasa gari-gari duk Asabar da Lahadi. Iyaye ne ke biyan komai: kuɗin shiga, kayan wasa, man mota da masauki, wani lokaci dubban daloli a shekara. Yawanci ana ɗibar yara 11 zuwa 13. In aka tsaya a 10, biyu suka kwanta ciwo, wasa ya lalace. In aka kai 15, shida na zaune suna kallo, alhali iyayensu sun biya daidai da kowa.

Wajen masu jifa abin ya fi ciwo. Ƙungiya na iya samun su huɗu, amma koci na son nasara, sai ya ɗora wa gwanar cikinsu wasa uku ko huɗu a yini ɗaya. Nan cuta biyu ce. Su ukun ba za su ƙware ba, don hannu ba ya faɗawa a benci. Ita kuma gwanar kafaɗarta ce ke biya. An daɗe ana cewa jifa ta ƙasa ba ta illa, amma likitocin wasanni sun nuna yawanta na jawo ciwon kafaɗa da damtse. A wasan besbol na yara, hukumar Little League ta fara ƙidaya jifa tun 2007, amma yawancin gasannin sofbol na gari-gari ba su da wannan iyaka.

Shi ya sa uwa mai lura kan tambayi koci kafin ta fitar da ko sisi: yara nawa za ka ɗiba? Masu jifa nawa? Yaya za ka raba musu wasa? Yaushe 'yata za ta huta?

Uwargida, ke ma duba cikin gidanki. Yarinyar da ta fi iya tuwo, ba ita ake bar wa murhu kullum ba? Ita ta gaji, ƙannenta kuma su tashi ba su iya ba. A raba aiki, kowacce ta taɓa muciya.