Wa Zai Koyar da Yaranmu Kurame da Makafi?

Jawabin da aka gabatar wa iyaye da matasa a Toranke, ƙaramar hukumar Ajingi

 Na gode da kuka bar gonaki da sana'o'inku domin wannan taro. Zan yi magana a kan aikin malamin ilimi na musamman, wato malamin da aka horar domin koyar da kurame, makafi da yara masu jinkirin fahimta, da kuma dalilin da zai sa matashi ya zaɓi wannan aiki.

Kowa a nan ya san gidan da sanƙarau ya bar yaro ba ya ji, ko ƙyanda ta tafi da idanunsa. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba. Sau da yawa ciwon yakan taɓa kunne ko ido ne kawai, basirar yaron tana nan daram. Amma idan aka kai shi firamare, malam bai san yadda zai yi da shi ba. Sai yaron ya zauna a bayan aji, zango ɗaya ya daina zuwa. Ƙarshenta kiwo ko bara.

Akwai makarantar kurame da makafi a Tudun Maliki cikin birnin Kano. To, amma daga nan tafiya ce mai nisa, kuma ba kowace uwa ce za ta rabu da ɗan shekara 6 ba. Shi ya sa muke buƙatar malamai 'yan gida a makarantun Ajingi da Gaya.

Bari in ba ku misali. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan Amurka, sanƙarau ya kurmantar da shi yana shekara 11. Ya sami malaman da suka koyar da shi har ya gama jami'a. A 1957 ya buɗe makarantar kurame a Ghana, kafin rasuwarsa a 1987 kuma ya kafa makarantu kamar 30 a ƙasashen Afirka, har da Najeriya. Haka a Gindiri ta jihar Filato, tun 1953 aka buɗe makarantar makafi. Ashe abin ba sabo ba ne, mu ne aka bari a baya.

Ƙannena, hanyar ba ɓoyayyiya ba ce. Wanda ya gama sakandare da sakamako mai kyau zai iya yin NCE na shekara 3. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a Oyo, wadda aka buɗe a 1977. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos ma suna koyar da wannan fanni. A can za ka koyi rubutun makafi na Braille mai ɗigo 6 da ake karantawa da yatsa, da maganar hannu ta makaranta. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun tale-tale, kuma ɗan gari ya fi baƙo saurin haɗa biyun.

Gaskiya ɗaya ce: albashin ba ya sa mutum ya yi arziki, aikin kuma sai da haƙuri. Wanda tausayi kaɗai ya kawo shi zai gaji, domin tausayi yakan ba da sadaka ne ya wuce. Wanda zai daɗe shi ne wanda ya yarda cewa ilimi haƙƙin yaron ne. Dokar masu naƙasa da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta ba su ilimi kyauta har sakandare, amma doka ba ta shiga aji ta riƙe alli.

Roƙona biyu ne. Iyaye, ku daina ɓoye yaran nan a gida, ku kai sunayensu wurin shugaban makaranta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shugabanni kuma, ku zaɓi matasa biyu, namiji da mace, gari ya tallafa musu su je karatun, da alkawarin za su dawo su koyar a nan.