Kafin Ku Kafa Eriya a Kan Gida



Kowa ya ga yadda samarinmu, musamman masu POS da masu shagon caji, suke ta kafa eriyar intanet a kan gidaje. Abu ne mai kyau, amma akwai gyara.

Eriya so take ta hango ƙarfen sabis kai tsaye. Katanga na tare ta, kwanon rufi na tare ta, ganye ma haka. Shi ya sa wanda ya kafa tasa bayan kuka da rani zai ga sabis ya ja baya da damina, don kukar ta yi ganye. A riƙa juya eriyar a hankali, wani yana ƙasa yana duba ƙarfin sabis, sannan a ɗaure. Kada wayarta ta yi tsawo, tsawon yana shanye sabis. A naɗe mahaɗar wayar da tef ɗin roba, a kuma lanƙwaso wayar ƙasa kafin ta shiga ɗaki, ruwa ya ɗige a waje.

Abin da ya fi damuna shi ne wayar wuta. Bututun ƙarfe ya taɓa ta, mai riƙe da shi ya tafi, kuma babbar waya ba sai an taɓa ta ba, kusantarta kaɗai ya isa. Kada wani ya ce ai babu wuta yau. Ba a sallama kafin a kawo ta. Ku auna tsawon sandar eriyar, ku bar ninki biyunsa tsakaninta da waya. In filin bai kai ba, a sake wuri.

Sai aradu. Ƙarfen da ya fi komai tsawo a gida yana bukatar waya mai kauri da za ta sauka zuwa sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa, kamar ƙafa 8. Hadari ya taso, ba mai hawa rufi. A ɗaure sandar eriyar ta ɓangare 3 saboda iskar farkon damina.

Na'urar nan mai ƙara ƙarfin sabis da ake kira busta kuwa, hukumar NCC ta hana kafa ta ba izini, don tana dagula wa maƙwabta sabis.

Kuma don Allah, duk wanda zai hau rufi ya fara aika yaro ya sanar da gidajen da ke kewaye, iyalin mutane su kimtsa.